Ƙodar 'yata ba ta kai ta sa'anninta ba: hantar ce ke cin ta?

Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta 7. An haife ta da toshewar bututun madaciya, aka yi mata aikin Kasai tana jaririya. Yanzu an ce hantar ta yi tauri, saifa ta kumbura, tana shan maganin sa fitsari saboda ruwan da ke ɗan taruwa a cikinta. Ba ta girma kamar sa'anninta, tsayinta santimita 105 ne, wanda bai san ta ba sai ya ce shekararta huɗu. A hoton ciki na wannan watan an rubuta tsawon ƙodar dama santimita 7.3, ta hagu 7.6. Na duba a intanet na ga ta ɗan shekara 7 ya kamata ta wuce 8. Na ɗauko takardar bara, wadda aka yi a wani asibitin daban, na ga ta dama 7.5 ce. Ke nan raguwa take yi? Likitanta ya ce gwajin jini na aikin ƙoda, kiriyatinin, 0.3 ne, babu matsala, amma layi ya yi yawa ban samu na yi tambaya ba. Babanta ya ce in daina karance-karance. Ni kuwa barci ya gagare ni. Idan tana zazzaɓi ibuprofen nake ba ta, don na ji an ce farasitamol yana lalata hanta. Shin wankin ƙoda muka dosa?

Uwa mai zullumi

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba 'yar tamu lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya ta shekara bakwai.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba. Daga yau ki ajiye ibuprofen ɗin nan, kada ki sake ba ta, haka nan duk danginsa irin su diclofenac, naproxen da asfirin. Dalilin yana tafe a gaba. Su kuwa lambobin hoton, 7.3 da 7.6 a jikin yarinya mai tsayin santimita 105, ba su yi kama da na ƙodar da ke mutuwa ba, kuma babu abin da kika rubuta da ke nuna an doshi wankin ƙoda. Likitan da ke duba ta shi ne mai magana ta ƙarshe, amma lissafin da ya hana ki barci, zo mu sake yin sa tare.

Wannan 8 da kika gani tana da asali. A 1984 wasu likitocin hoto a Amurka, Rosenbaum da abokan aikinsa, sun auna ƙodar yara da na'urar hoton ciki suka fitar da lissafin da har yau ake aiki da shi: yaron da ya wuce shekara ɗaya, a ɗauki santimita 6.79, a ƙara 0.22 kan kowace shekara da ya yi a duniya. Ɗan shekara 7 ke nan zai ba da 8.3. Jariri sabon haihuwa tasa tana tsakanin 4 da 5, ta baligi kuma 10 zuwa 12. Sai dai jadawalin da uwa ke cin karo da shi cikin dare a waya ba ya gaya mata cewa 8.3 tsaka-tsaki ne kawai, yara lafiyayyu suna bazuwa kusan santimita ɗaya sama da shi da ƙasa da shi. Kuma ba ya gaya mata cewa an gina shi ne kan yaran da tsayinsu ya tafi daidai da shekarunsu. Ƙoda jikin da take yi wa aiki take bi, girmanta ya fi tafiya da tsayin yaro da faɗin jikinsa fiye da shekarunsa. Tela ba ya tambayar shekarun yaro kafin ya yanka yadi, awo yake ɗauka.

To mu ɗauki awon. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin tsayin yarinya 'yar shekara 7 ya kusa santimita 121. Ita kuwa 105 tsayin 'yar shekara huɗu da 'yan watanni ne, kamar yadda masu ganinta ke faɗa. Ki sa huɗu da rabi a cikin lissafin, zai ba ki kusan 7.8. Yanzu dubi 7.3 da 7.6 kusa da 7.8, da wancan sararin na santimita ɗaya kowane gefe: duka biyun suna ciki. Ta hagu ta ɗara ta dama kaɗan, wannan ma haka yake a jikin yawancin mutane.

Maganar raguwa daga 7.5 zuwa 7.3 ita ce na san ta fi tsaya miki a rai, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Ki tuna yadda ake ɗaukar hoton. Yarinya na kwance, an shafa mata man nan mai sanyi, tana motsi, tana numfashi, kuma duk numfashin da ta ja ƙodar sai ta sauka ta hau. Mai ɗaukar hoton yana juya kan na'urar tsakanin haƙarƙari yana neman inda ƙodar za ta fito da cikakken tsawonta, sai ya tsayar da hoton, ya ɗora alama a ƙarshen sama, ya ɗora wata a ƙarshen ƙasa, na'ura ta ba da lamba. Idan hannunsa ya ɗan karkace, ƙodar za ta fito a gajarce. Idan iskar hanji ta rufe ƙarshen ƙasa, sai ya kintata. Kwanciyar rigingine da ta rub da ciki ba sa ba da lamba ɗaya. A jikin 'yarki ma aikin ya fi wuya, don kumburarriyar saifa tana zaune a kan ƙodar hagu tana iya ture ta, hanta mai tauri kuma tana gaban ta dama. Mutum biyu za su auna ƙoda ɗaya a rana ɗaya su bambanta da 'yan milimita, kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Haɗa wannan da lissafin ɗazu. Girman da ƙoda ke yi a shekara guda a wannan shekarun bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Saɓanin awo kaɗai ya kai haka, wani lokaci ya fi. Bambancin milimita 2 tsakanin asibiti biyu, na'ura biyu, hannu biyu, ba ya tabbatar da raguwa, kamar yadda da kin ga ƙarin milimita 2 ba zai tabbatar da girma ba. Na lura ba ki faɗi abin da ta hagu ta nuna bara ba. Ki duba. Ba zan yi mamaki ba in kin tarar ita ta “ƙaru”. Abin da ke da ma'ana shi ne awo uku ko huɗu a jere, shekara bayan shekara, a wuri ɗaya in zai yiwu, kowanne a rubuta shi kusa da tsayinta na ranar.

A takardar hoton akwai layukan da suka fi tsawon ƙoda muhimmanci, kuma yawanci ido ba ya tsayawa a kansu saboda babu lamba. Kaurin ɓawon ƙodar, wato ɓangaren waje inda ake tace jini, yana nan ko ya sirance? Ana bambance ɓawon da cikin ƙodar sarai? Akwai ƙullutun ruwa, ko tsakuwa, ko fitsari ya taru ya buɗa hanyarsa? Ɗaya ta fi ɗaya da sama da santimita guda? Wani abu kuma: bisa al'adar aikin, hasken ƙodar dama da na hanta ake kwatantawa a allon, a ce ƙoda ta fi duhu ko ta fi haske. Idan hantar kanta ta canza, ma'aunin ya canza. Saboda haka in kin ga an rubuta wani abu kan hasken ƙoda, kada ki yanke hukunci sai likita ya haɗa shi da gwajin jini da na fitsari.

Kin tambaya ko hanta ce ke cin ƙodar. Mutane suna ɗauka ciwon hanta mai daɗewa ƙanƙantar da ƙoda yake yi, alhali ba hanya ɗaya abin ke bi ba. A irin ciwon 'yarki ma, abin da likitoci a Taiwan suka ba da rahoto a 1997 shi ne ƙodar da ta fi ƙima girma, suka danganta hakan da wani sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa don gyaran hanta, wanda ke sa ƙoda ma ta bunƙasa. Akwai ciwon gado da ke tara sukarin ajiya a gaɓoɓi, wanda von Gierke ya bayyana a Jamus a 1929, yana kumbura hanta da ƙoda tare. Ciwon tairosinimiya, shi ma na gado, yana girmama ƙoda, ya sa ta riƙa zubar da sinadaran da ya kamata ta riƙe. Akwai wanda ake haifar yaro da manyan ƙodoji cike da ƙananan ƙullutun ruwa, hanta kuma da tabo. A ɗaya gefen akwai ciwon Alagille, mai sunan likitan Faransa da ya bayyana shi, wanda kusan huɗu cikin goma na masu shi suna da wata matsala a ƙoda, sau da yawa ƙaramar ƙoda da ba ta ginu daidai ba tun a ciki. Ciwon Wilson, mai tara tagulla a jiki, da ciwon hanta nau'in B, su kuma suna iya taɓa aikin ƙoda ba tare da girmanta ya nuna komai ba. Ba don in ƙara miki abin tsoro na lissafo su ba, ba su ne ciwon 'yarki ba. So nake ki ga cewa a wannan fagen babbar ƙoda ba albishir ba ce, ƙarama kuma ba hukunci ba ce.

Dalili kuwa yana cikin yadda aka gina ƙoda. Ƙananan matatan da ke cikinta, waɗanda likitoci ke kira nefron, kimanin miliyan ɗaya a kowace ƙoda, ana gama ƙirƙirar su ne wajen mako na 36 na ciki. Bayan nan ba a ƙara ko ɗaya. Girman da ƙoda ke yi daga haihuwa zuwa balaga, waɗannan matatan ne ke ƙara girma don su ɗauki nauyin jikin da ke ƙaruwa. Jiki ya tsaya, su ma su dakata. In bakwaini aka haife ta, ko da ƙarancin nauyi, ki tabbatar likita ya sani, don irin waɗannan yaran sukan fara rayuwa da matatai kaɗan.

Yanzu ga inda zan ɗan rage miki kwanciyar hankalin da aka ba ki, wato kiriyatinin. Ba na jayayya da likitanki, 0.3 lamba ce mai kyau. Amma ya kamata ki san halin wannan gwajin a jikin mai ciwon hanta. Kiriyatinin dattin aikin tsoka ne, ƙoda ke fitar da shi. In ƙoda ta gaza sai ya taru a jini. Abin da ake samar da shi daga gare shi kuwa, hanta ce ke haɗa mafi yawansa, tsoka ke ajiye shi. Yarinyar da hantarta ta raunana, damatsanta suka sirance, ba ta samar da shi da yawa tun farko. Sannan in idonta ya yi rawaya sosai, sinadarin da ke kawo rawayar yana iya rikita tsohuwar hanyar gwajin ta ba da lambar da ta gaza gaskiya. Duk waɗannan gefe ɗaya suke turawa: su sa ƙoda ta fito kamar ta fi yadda take ƙarfi.

Lissafin da likitocin yara ke amfani da shi don kintata ƙarfin aikin ƙoda, wanda Schwartz da abokan aikinsa suka sabunta a 2009, shi ne a ninka tsayi da 0.413, a raba da kiriyatinin. Na 'yarki: 105 sau 0.413, a raba da 0.3, ya ba da kusan 145. Sama da 90 ake so, ita ta wuce. Amma a ce wata rana aka gwada aka ga 0.6. Takardar ɗakin gwaji ba za ta sa masa jan alama ba, don sau da yawa ma'aunin manya ne a buge a gefe, kuma 0.6 a jikin babba lafiya lau ne. A jikinta kuwa lissafin ya faɗo zuwa kusan 72, rabin aikin ƙodar ke nan ya tafi. Don haka ki haddace wannan 0.3, lambarta ce, da ita za a riƙa kwatanta duk gwajin gaba. Duk asibitin da kuka je cikin gaggawa, ki faɗa da bakinki: “Kiriyatinin ɗinta na kullum 0.3 ne.” Wasu wuraren da wani ma'aunin suke rubutawa, za ki ga kamar 27 a maimakon 0.3, abu ɗaya ne, ninkawa ake yi da 88.4.

Akwai gwajin da bai dogara da tsoka ba, sunansa sistatin C. Ga yaro mai ciwon hanta ya fi faɗin gaskiya, ko da yake magungunan sitiroyid da matsalar maƙoƙo suna iya karkatar da shi. Ki tambaya ko ana yi, ko sau ɗaya a shekara. Gwajin fitsari kuwa, mai sauƙi da shi, ya fi hoton ciki saurin tona matsala: furotin, jini, sukari, ko alamar ƙwayar cuta. A auna hawan jini da abin ɗaurawa daidai damtsenta, ba na manya ba. Tunda tana shan maganin sa fitsari, a riƙa duba sinadaran gishirin jini, musamman sodiyam da fotasiyam, don a cikin magungunan sa fitsari, spironolactone yana ɗaga fotasiyam, furosemide kuma yana zubar da shi.

Hanyar da hanta mai tauri ke cutar da ƙoda da gaske ta jini ce, kuma nan ibuprofen ya shigo. Ƙoda biyun nan, duk ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugawa suke karɓa. Idan hanta ta taurare, jinin da ke tahowa daga hanji ya rasa hanyar wucewa cikin sauƙi, sai ya yi baya, shi ne saifa ke kumbura. Jijiyoyin jinin ciki su saki su buɗe, jini ya taru a can, sauran jiki ya ji kamar jini ya yi ƙaranci. Sai jiki ya ba da umarnin a riƙe gishiri da ruwa, wanda shi ne ruwan da ke taruwa a cikinta, a kuma matse jijiyoyin da ke shiga ƙoda. Ƙoda ba ta zauna haka ba, tana fitar da wasu sinadarai, furostagilandin, da ke hana jijiyoyin nata rufewa gaba ɗaya. A kan su take jingine. Aikin ibuprofen da danginsa shi ne hana jiki samar da waɗannan sinadaran, ta haka yake kashe ciwo da zazzaɓi. Yaro lafiyayye ba zai ji komai ba. Yarinya mai ruwa a ciki, mai shan maganin sa fitsari, ga zazzaɓi ya busar da ita, kwana biyu na wannan maganin sun isa su jefa ƙodarta cikin matsala. Bayan haka yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki, ga shi masu kumburin saifa ƙwayoyin daskarar da jininsu sukan yi ƙasa, jijiyoyin maƙogwaro kuma sukan kumbura.

Ba laifinki ba ne, kin ji rabin magana ne kika yi aiki da ita don kare 'yarki. Gaskiya ne farasitamol yana lalata hanta in an zarce ƙima. Amma a ƙimar da likita ya yanke bisa nauyin yaro, shi ne wanda likitocin hanta da kansu suka fi yarda da shi. Ki sa likitanta ya rubuta miki adadi, da sau nawa a rana, da iyakar da ba za a wuce ba, kuma ki riƙa karanta jikin kwalin maganin mura da tari, don da yawa akwai farasitamol ko ibuprofen a cakuɗe ciki. Ki gaya masa tun yaushe kike ba ta ibuprofen, ba tare da jin nauyi ba. Zai so ya sani.

Mafi muhimmanci, zazzaɓi a jikin 'yarki ba na sauke wa a gida ba ne. Yaron da aka yi wa aikin Kasai, ƙwayar cuta na iya hawa daga hanji ta shiga hanyoyin madaciya. Mai ruwa a ciki kuma, ruwan kansa na iya kamuwa. Duka biyun maganin kashe ƙwayar cuta suke so da wuri, kuma irin wannan kamuwar tana cikin manyan abubuwan da ke tunzura gazawar ƙoda a masu ciwon hanta. Haka gudawa da amai: ranar da ta fara, a ranar za ki nemi likita ki tambaya ko a dakatar da maganin sa fitsari, kada a ci gaba da matse ruwa daga jikin da ke zubar da shi. Aman jini, baƙin bayan gida, fitsarin da ya ragu ƙwarai ko ta yi awa takwas ba ta yi ba, ciki ya ƙara kumbura cikin kwana kaɗan, barcin da ya wuce ƙima ko rikicewar magana, duk na tafiya asibiti ne nan take. In an kwantar da ita a inda ba a san ta ba, aka zo da allurar kashe ƙwayar cuta mai suna gentamicin, ko za a yi hoton da ake zuba ruwan rini a jijiya, ki ce a tuna tana da taurin hanta da ruwa a ciki; wani lokaci dole ne a yi, amma da sani ake yi. Duk wani haɗin ganye ko ƙwayar ƙarin lafiya da aka ce yana wanke ƙoda ko hanta, ki bar wa mai shi.

Wani abin da zai sanyaya miki rai: a gazawar ƙodar da taurin hanta ke jawowa, naman ƙodar kansa yawanci lafiyarsa ƙalau, jini ne bai isa gare shi ba. A 1969 aka wallafa cewa an ɗauki ƙodojin mutanen da suka rasu da wannan matsalar aka dasa wa masu lafiyayyar hanta, ƙodojin suka kama aiki. Shi ya sa tsare ta daga abin da ke tunzurawa yake da tasiri sosai, kuma yawancin tsarewar a hannunki take.

Abin da na fi so ki kai wa likita da ƙarfi ma ba ƙodar ba ce, tsayin ne. Santimita 105 a shekara 7 ya yi ƙasa sosai, kuma shi ne tushen ƙanƙantar ƙodar da kika gani. Idan ruwan madaciya bai isa hanji yadda ya kamata ba, mai ba ya narkewa, sai ya fice da bitamin A, D, E da K. Kumburarren ciki yana matse tumbi, yarinya ta ci kaɗan ta ce ta ƙoshi. Sannan sinadarin girma da ƙwaƙwalwa ke aikowa, hanta ce ke amsa shi ta fitar da wanda ke sa ƙashi ya miƙe. Hanta mai tabo ba ta amsawa da kyau. Irin waɗannan yaran sukan buƙaci abinci mai ƙarfi har kusan ninki ɗaya da rabi na sa'anninsu, kaɗan-kaɗan sau da yawa, har da na kafin barci, kuma akan ba su wani mai na musamman, MCT, da ke shiga jiki ba sai da madaciya ba. Sikeli zai ruɗe ki, don yana haɗawa da ruwan ciki da nauyin saifa. Kaurin damtse da tsayi su ne abin bi. Ki nemi a haɗa ku da masanin abinci na asibitin, a kuma gwada bitamin D.

Akwai maganar da wataƙila an taɓa yi miki, wataƙila kuma ana kewaye ta. Tsayawar girma da taruwar ruwa a ciki suna cikin alamomin da ke sa likitoci su fara tunanin dashen hanta. Aikin da Morio Kasai ya fito da shi a Japan a shekarun 1950 ya ceci yara ba adadi, amma da yawa daga cikinsu lokaci yake saya musu, kuma toshewar bututun madaciya ita ce kan gaba a dalilan dashen hanta ga yara. Yara da yawa suna miƙewa su ƙara tsayi bayan dashen. Ban ce lokacinta ya yi ba, wannan hukuncin masu duba ta ne. Na kawo shi ne saboda ya shafi tambayarki kai tsaye: magungunan hana jiki ƙin sabuwar hanta, tacrolimus da cyclosporine, suna da nauyi a kan ƙoda shekara da shekaru. Yaron da ya isa wurin da ƙoda mai ƙarfi ya fi samun sauƙi. Ki tambayi likita a fili inda yake ganin an dosa, gara ki ji daga bakinsa da ki yi ta haɗa labari daga takardun gwaji.

Girman ƙodar zai dame ni ne idan ta ƙara tsayi amma ƙodar ta tsaya cik a awo biyu ko uku a jere, ko ɗaya ta bar ɗaya a baya da fiye da santimita guda, ko ɓawon ya sirance, ko furotin ya bayyana a fitsari, ko jini ya hau. Haka idan ta sha fama da ciwon mafitsara mai zuwa da zazzaɓi tana ƙarama, don yakan bar tabo a ƙoda ya hana ta girma. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ki nemi a tura ku wurin likitan ƙodar yara.

Shi kuwa Babanta, yana da rabin gaskiya: karatun tsakar dare a waya, ke kaɗai, ba ya haifar da komai sai bugun zuciya. Amma karance-karancen nan naki ne ya sa kika ajiye takardar bara, kika lura da lamba, kika rubuto, har maganar ibuprofen ta fito fili. Ki nuna masa wannan amsar, ki roƙe shi ya raka ku zuwa na gaba, ɗaya ya kula da yarinya ɗaya ya yi magana da likita. Ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida, ki miƙa masa ita da shigarku kafin ya fara rubutu, don likitan da layi ya yi wa yawa ya fi saurin amsa abin da ke rubuce a gabansa. A saman takardar ki sa maganar ibuprofen da adadin farasitamol, sai gwajin fitsari da sistatin C, sai tsayinta. Kada ki jira ranar da aka ba ku in tana da nisa. Tunda ta sha ibuprofen, ki nemi a maimaita kiriyatinin da gwajin fitsari cikin wannan makon.